Me Ke Tsofar da Wayar Salula Tun Ƙarfinta Bai Ƙare Ba?

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akwai keken ɗinki wanda ya girmi mai taka shi. Uwa ta yi ɗinki da shi, 'ya ta gada, har yanzu kuwa idan aka ɗiga masa mai aka canza allura sai ya kama aiki kamar jiya aka sauko da shi daga kanti. Haka nan tsohon akwatin rediyo da agogon bango. Irin waɗannan kayayyaki su ne suka koya mana yadda ake gane tsufan na'ura: a duba tsatsa, a saurari ƙara, a jijjiga a ji ko wani abu ya kwance. Muddin jiki yana nan lafiya lau, to na'ura tana da sauran rai.

Wayar salula ta zamani ta zo ta ɓata mana wannan lissafi. Mutum yana iya riƙe wayarsa shekara biyar ko shida yana lallaɓa ta, gilashinta bai tsage ba, ba ta taɓa faɗawa ruwa ba, sai wata safiya manhajar banki ta sanar da shi cewa daga yau ba za ta ƙara aiki a kan wannan waya ba. Ya kai wa mai gyara, mai gyara ya buɗe ya rufe bai ga abin gyarawa ba. Gaskiyar mai gyara ce, domin abin da ya tsufa a wayar ba a ganinsa da ido, kuma ba a kwance shi da sukurdireba.

Abin da ke tafiyar da waya

Kowace waya ta zamani ƙaramar kwamfuta ce, kowace kwamfuta kuma tana da abubuwa biyu: gangar jiki, wato gilashi da batir da kyamara da ƙwaƙwalwa, sa'an nan manhaja, wato jerin umarnin da ke gaya wa gangar jikin abin da za ta yi. A cikin manhajoji akwai uwa, wadda ake kira babbar manhaja. Ita ke raba wa sauran aiki, ita ke tsare ƙofa, ita ke yanke hukuncin ko wata ƙaramar manhaja tana da izinin leƙa hotunanka ko karanta saƙonninka. Manyan manhajoji biyu ne suka mamaye wayoyin duniya: iOS ta kamfanin Apple, wadda ta fito tare da iPhone ta farko a 2007, da Android ta kamfanin Google, wadda wayar farko mai ɗauke da ita ta shiga kasuwa a 2008.

An gina Android ne a kan wata cibiya mai suna Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Wannan cibiya kaɗai ta haura layi miliyan 30 na umarni, ban da abin da aka ɗora a kanta. Duk ɗalibin da ya taɓa kwafar darasi shafi goma daga allo ya san ba a rasa kuskure a ciki, balle rubutun da dubban mutane suka yi shekara da shekaru suna yi. Yawancin kurakuran ba su da wata illa, iyakarsu su sa manhaja ta tsaya cik a sake kunna ta. Amma akwai waɗanda suke zama ɓaraka a katanga, inda mai kutse zai iya zura hannu.

Sabunta manhaja, ashe ke nan, iri biyu ne. Akwai sabon zubi na babbar manhaja, wanda yakan fito sau ɗaya a shekara da sababbin abubuwa da sabuwar fuska. Akwai kuma facin tsaro, ɗan ƙaramin gyara da ake aikowa don a toshe ɓarakar da aka gano. Na farko shi mutane suke lura da shi. Na biyu, wanda ba ya canza ko launi ɗaya a fuskar waya, shi ne ya fi muhimmanci, kuma ranar da kamfani ya daina aiko shi, ranar ce wa'adin waya ya fara cika.

Saƙon da ba sai an buɗe ba

Bari mu ɗan tsaya a kan abin da ya faru a 2015, domin shi ya farkar da masana'antar daga barci. Wani mai binciken tsaron kwamfuta, Joshua Drake na kamfanin Zimperium a Amurka, ya gano kurakurai a wani sashe na Android mai suna Stagefright, wanda aikinsa shi ne karanta bidiyo da sauti. Abin da ya sa gano nasa ya tayar da hankali shi ne hanyar shiga. Mai kutse ba ya bukatar komai sai lambar wayarka. Zai aiko da saƙon bidiyo da aka shirya musamman, wasu manhajojin saƙo kuwa suna fara karanta bidiyo da zarar ya iso, tun kafin mai waya ya taɓa shi. Kana iya kasancewa kana barci aka shiga.

Yaya bidiyo zai zama ɓarawo? Mai karatu ya tuna ma'aunin tafiyar mota mai gurbi shida. Idan ya kai 999,999 aka ƙara kilomita ɗaya, sai ya juya ya koma 000,000, domin babu gurbi na bakwai. Kwamfuta ma haka take. Idan aka ware wa lamba gurbi 32 na sifili da ɗaya, mafi girman abin da za ta iya ɗauka shi ne 4,294,967,295. A ƙara ɗaya, ta koma sifili. To, kowane fayil na bidiyo yana ɗauke da lambobi masu faɗin girman sassansa, manhaja kuma takan tara waɗannan lambobi don ta san yawan wurin da za ta tanada a ma'ajiya. Mai kutse sai ya rubuta wata ƙatuwar lamba ta ƙarya, yadda idan aka tara, jimlar za ta juya ta zama 'yar ƙarama. Manhaja ta tanadi wurin mudu, sa'an nan aka juye mata buhu. Abin da ya malala yakan hau kan maƙwabtan wurare a ma'ajiya, a cikinsa kuwa mai kutse ya cusa nasa umarnin. Wasu daga cikin kurakuran da Drake ya gano irin wannan ne, kuma maganinsu bai wuce 'yan layuka ba: a duba lambar kafin a yarda da ita.

Drake ya sanar da Google a asirce a watan Afrilu na shekarar, har ma ya haɗa da gyaran, Google kuma ya karɓa ba tare da ɓata lokaci ba. Da aka bayyana wa duniya a ƙarshen Yuli, an ƙiyasta cewa wayoyi kimanin miliyan 950 abin ya shafa, wato kusan kashi 95 cikin 100 na wayoyin Android na lokacin. A nan ne abin kunya ya fito fili. Magani yana hannu tun watanni uku da suka wuce, amma babu hanyar kai shi ga mafi yawan marasa lafiya. Ɗimbin wayoyin nan ba su taɓa samun facin ba har aka daina amfani da su.

A watan Agusta na 2015 Google ya yi alkawarin fitar da facin tsaro kowane wata, Samsung da LG suka bi sahu. Daga Android 6, wadda ta fito a ƙarshen wannan shekara, aka fara rubuta kwanan watan faci na ƙarshe a cikin saitin waya don kowa ya gani. Sai dai wannan tsari yana da kaifi biyu. Duk watan da aka fitar da jerin ɓarakar da aka toshe, masu kutse ma suna karantawa, suna kwatanta tsohon rubutu da sabo don su gane inda ramin yake. Wayar da ta sami faci ta tsira. Wadda ba ta samu ba, an ƙara nuna wa ɓarawo inda katangarta ta rushe. Shi ya sa wayar da aka daina kula da ita ba ta tsayawa inda aka bar ta; kowane wata rauninta ƙaruwa yake yi, ko da tana ajiye a aljihu.

Hannu da yawa

Me ya hana maganin isa? Dalilin yana cikin yadda ake ƙera wayar Android. Google yana rubuta babbar manhaja ya sake ta kyauta. Daga nan sai ta je hannun masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su Qualcomm na Amurka da MediaTek na Taiwan da Unisoc na Sin, su rubuta ƙananan manhajoji masu aikin tafinta tsakanin Android da nasu ƙarfen, domin Android ba ta san yaren kowace kyamara da kowane sashen sadarwa ba. Sai mai ƙera waya, Samsung ne ko Tecno ko Xiaomi, ya karɓa ya ƙara nasa ado da nasa manhajoji. A ƙasashe kamar Amurka, inda kamfanonin sadarwa ke sayar da waya tare da layi, su ma sai sun gwada sun sa hannu. Kowane gyara tilas ya bi wannan layi daga farko har ƙarshe, kuma idan mutum ɗaya a tsakiya ya noƙe, shi ke nan.

Kowa a layin kuwa yana da dalilin noƙewa. Mai ƙera ƙwaƙwalwa sau ɗaya yake karɓar kuɗi, ranar da ya sayar, amma kula da tafintocinta aiki ne na injiniyoyi shekara bayan shekara. Mai ƙera waya yana iya fitar da samfuri ashirin ko talatin a shekara, kowanne da nasa haɗin, kowanne sai an gwada shi dabam. Ga kuma maganar da ba a cika faɗa a fili ba: wayar da ta daɗe a hannun mai ita, ciniki ɗaya ne ya ragu. Ba na cewa an zauna an ƙulla makirci. Ba a ma bukatar makirci inda kowa ya ga riba a cikin sakaci. Shekaru da dama abin da aka saba shi ne babbar waya ta sami kulawar shekara biyu zuwa uku, ƙarama kuwa ta sami abin da ya sawwaƙa.

Apple bai shiga wannan matsala ba, domin shi ke tsara ƙwaƙwalwa, shi ke rubuta manhaja, shi ke sayar da waya, kuma samfuransa kaɗan ne. Wayar iPhone 6s ta 2015 ta fito da iOS 9, ta yi ta samun sabon zubi har iOS 15 ta 2021. Wayar iPhone 5s ta 2013 ta sami facin tsaro a Janairun 2023, tana da shekara tara da 'yan watanni. Wannan ya nuna cewa ƙarfen waya yana iya ɗaukar tsawon rai. Tsarin kasuwanci ne ke gajarta shi.

Wani ƙaramin kamfani na ƙasar Holan, Fairphone, ya gwada tabbatar da haka a ɓangaren Android, ya kuwa sha wuya. Wayarsa Fairphone 2 ta fito a Disamban 2015 da Android 5. Bayan mai ƙera ƙwaƙwalwarta ya daina kula da ita, sai injiniyoyin Fairphone suka ɗauki aikin da kansu, tare da taimakon masu aikin sa kai na LineageOS, suka kai wayar Android 9 a 2021, sa'an nan Android 10 a 2022, suka rufe kula da ita a Maris na 2023. Shekara bakwai ke nan da ɗoriya. Amma a lura, Android 9 ta fito tun 2018, wato sai da ta yi kusan shekara uku kafin ta iso wayar. Darasin da suka koya ya bayyana a 2023: da za su ƙera Fairphone 5, sai suka zaɓi ƙwaƙwalwar da aka yi don injinan masana'antu, saboda irin wannan ake daɗewa ana kula da ita, suka yi alkawarin sabuntawa har 2031.

Yadda aka rage layin

Google ya bi matsalar daki-daki. A 2017, tare da Android 8, ya ɓullo da tsarin da ya kira Treble, wanda ya gina katanga tsakanin babbar manhaja da tafintocin ƙarfe, ya kafa ƙa'idar yadda za su yi magana da juna. Misalinsa kamar soket ne a bango: muddin bakin bai canza ba, kana iya sauya fanka ko dutsen guga ba tare da ka kira mai wayarin ya fasa bango ba. Da haka mai ƙera waya zai iya ɗora sabuwar Android a kan tsofaffin tafintoci.

A 2019, tare da Android 10, aka ƙara tsarin Mainline, wanda ya yanyanka wasu muhimman sassa na babbar manhaja ya mai da su ƙunshi-ƙunshi da Google zai iya sabuntawa kai tsaye ta kasuwarsa ta Google Play, ba sai ya jira kowa ba. Cikin sassan farko da aka yi wa haka akwai masu karanta bidiyo da sauti, wato dangin Stagefright. Ciwon 2015 bai manta da su ba.

Cibiyar Linux kuma tana da nata wa'adin. A da, zubin da aka ware don dogon amfani shekara biyu ake kula da shi, alhali daga ranar da mai ƙera ƙwaƙwalwa ya zaɓi zubi zuwa ranar da waya ta isa kanti, mafi yawan shekarun biyun sun tafi. A 2017 aka tsawaita wa'adin zuwa shekara shida. A 2023 masu kula da Linux suka sanar da komawa shekara biyu, saboda aikin ya yi musu yawa. Abin lura ne cewa tsaron wayoyi biliyoyi yana rataye, ta wani ɓangare, a wuyan mutane 'yan kaɗan masu gajiya kamar kowa.

Daga nan sai gasar alkawari ta ɓarke. A Oktoban 2023 Google ya fitar da Pixel 8 da alkawarin shekara bakwai na sabon zubi da facin tsaro. A Janairun 2024 Samsung ya yi irin wannan alkawari ga Galaxy S24, daga baya a shekarar ya ba Galaxy A16, wadda ba ta cikin masu tsada, shekara shida. A Fabrairun 2025 Qualcomm ya ce zai tallafa wa sababbin manyan ƙwaƙwalensa har shekara takwas, ko da yake ya rage ga mai ƙera waya ya yi amfani da damar ko ya bar ta.

Hukumomi ma sun sa baki. Daga 29 ga Afrilu, 2024, dokar Birtaniya ta wajabta wa mai sayar da na'urar da ke hawa intanet ya faɗi mafi ƙarancin lokacin da zai yi yana aiko facin tsaro. A sakamakon haka ne Apple, wanda bai saba ɗaure kansa da lamba ba, ya rubuta aƙalla shekara biyar. Daga 20 ga Yuni, 2025, ƙa'idar Tarayyar Turai ta fara aiki: wayar da za a sayar a can, batirinta ya jure caji 800 yana riƙe da aƙalla kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, kayan gyaranta su samu har shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin, sabunta manhaja kuma ya kai shekara biyar daga wannan rana. Masu bin diddigi sun nuna cewa lafazin sashen manhaja yana da laushi, domin an rataya shi a kan sharaɗin idan kamfanin yana fitar da sabuntawar. Duk da haka, doka ta shiga inda a da babu kowa.

Hujjar Turawa ba tsaro kaɗai ba ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kuma kimanin kashi 80 cikin 100 na iskar da waya ke jawowa mai ɗumama duniya, a wajen ƙera ta ake fitarwa, tun kafin a yi mata cajin farko.

“Idan na sabunta, wayata za ta yi nauyi”

Wannan magana ana yawan jin ta, kuma tana da tushe. A Disamban 2017 Apple ya amsa cewa wata sabuntawa da ya aika a farkon shekarar tana rage saurin wasu tsofaffin iPhone. Bayaninsa na kimiyya daidai ne. Batirin litiyam idan ya tsufa, turjiyarsa ta ciki takan ƙaru, saboda haka idan ƙwaƙwalwa ta nemi wuta mai yawa farat ɗaya sai ƙarfin ya faɗi waya ta mutu. Rage sauri yana hana hakan. Laifin shi ne ba a gaya wa masu wayoyin ba, har wasu suka sayi sabuwa alhali canjin batir kaɗai ya ishe su. Hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 25 a Fabrairun 2020. Italiya ma ta ci Apple da Samsung tara a 2018 a kan sabuntawar da ta rage wa tsofaffin wayoyi kuzari.

Saboda haka wanda ya yi ɗari-ɗari da sabon zubi a kan tsohuwar waya mai ƙaramar ma'ajiya, ba za a ce ya yi wauta ba. Amma facin tsaro wani abu ne dabam. Yawanci ƙarami ne, ba ya ƙara wa waya kaya, kuma mai danna “sai an jima” wata da watanni don tsimin data ya tuna abin da ke cikin wayar: asusun banki, hotunan iyali, da lambobin sirrin da ake aiko masa.

Inda abin ya shafe mu

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mai shayi da mai kayan miya ma sun koma karɓar kuɗi ta waya. Waya ta zama lalita. Amma idan mai karatu ya zaga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, zai ga cewa wayoyi iri biyu ne suka fi tafiya, kuma duka biyun alkawarin shekara bakwai bai cika isa gare su ba.

Na farko su ne sababbi masu araha. Ribar da ke kan kowace ɗaya kaɗan ce, ƙwaƙwalwarsu ta masu sauƙin kuɗi ce, samfuransu kuma suna da yawa. Ko wane kamfani ya ƙera su, kulawar da suke samu ba ta kai ta manya ba. Wasu sabon zubi ɗaya suke gani, wasu da wanda suka zo da shi suke ƙarewa. Na biyu su ne waɗanda aka yi amfani da su a waje aka shigo da su, waɗanda 'yan kasuwa ke kira Landan-yus. A nan akwai lissafin da ya kamata kowane ɗalibi ya iya. Shekarun alkawari ana ƙirga su ne daga lokacin da samfurin ya fara fita kasuwa, ba daga ranar da kai ka saya ba. Galaxy S10 ta fito a Maris na 2019, kulawarta ta ƙare a 2023. Wanda ya saye ta a 2022 ya sayi shekara ɗaya. Wanda ya saya a 2024 ya sayi waya mai kyan kyamara wadda babu mai gadinta.

Malamin lissafi yana iya mai da wannan aikin aji. Waya ta naira 150,000 mai sauran kulawar shekara ɗaya, da waya ta naira 240,000 mai sauran shekara huɗu, wacce ta fi araha? Ta farko tana cin 150,000 a shekara, ta biyu 60,000. Na san mai 150,000 a hannu ba lissafi zai ƙara masa 90,000 ba, kuma ba wanda zai zarge shi. Amma ko a tsakanin wayoyi masu farashi ɗaya akwai bambancin shekaru, mai saye kuwa bai cika tambaya ba, mai sayarwa ma sau da yawa bai sani ba.

Ƙarewar kulawa ba ta kashe waya nan take. A hankali duniya ke janye jiki daga gare ta. Masu manhajoji sukan daina tallafa wa tsofaffin zubi, kamar yadda WhatsApp ya bar wayoyin BlackBerry a ƙarshen 2017, ya bar duk Android da ke ƙasa da 5 a Oktoban 2023. Akwai kuma takardun shaida na lantarki da waya ke amfani da su wajen tabbatar da cewa shafin da ta buɗe na gaske ne. Su ma suna da ranar ƙarewa. A 2020 ƙungiyar Let's Encrypt, mai ba miliyoyin shafuka irin wannan shaida, ta yi gargaɗin cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na wayoyin Android sun tsufa har ba su san sabon hatiminta ba, sai da aka yi dabarar da ta jinkirta matsalar zuwa 2024. Sai a Android 14 ta 2023 aka mai da jerin waɗannan shaidu abin da za a iya sabuntawa kai tsaye.

Wanda yake riƙe da wayar da wa'adinta ya wuce, kuma ba shi da halin canzawa, yana da 'yan matakan rage haɗari. Ya ci gaba da sabunta manhajojinsa ta Google Play, musamman ta buɗe shafuka da ta saƙo, domin su suna samun gyara ko bayan an bar babbar manhaja. Ya guji ɗora manhajar da aka turo masa ta saƙo ko aka tura masa a shagon caji. Ya kashe saukar da saƙon bidiyo kai tsaye. Idan akwai wata waya mai sabon faci a gidan, harkar banki ta koma can.

Sanin matsayin wayarka kuwa ba ya ɗaukar minti ɗaya. A shiga saiti, a gangara zuwa sashen bayanin waya, a taɓa inda aka rubuta zubin Android. Za a ga kwanan wata a ƙarƙashin sabuntawar tsaro. Idan bai wuce wata uku zuwa shida ba, ana kula da wayar. Idan ya haura shekara, a fara neman sabuntawa a cikin saitin, wataƙila tana nan tana jira. Idan waya ta ce babu sabo, to wannan kwanan watan shi ne ranar da kamfanin ya yi sallama da ita. Haka nan a kasuwa, kafin a biya kuɗi, a roƙi mai shago ya kunna wayar a duba wannan layi, kamar yadda ake duba gilashi da bakin caji.